Na Baya Ba Goyo Ba Ne

"To" ɗin da Auta ta ce a bakin gadon Mama jiya-jiyan nan, kafin gari ya waye har ya yi ƙafa ya zaga dangi.

Tun da safe waya ba ta huta ba. Gwaggo ta kira ta yi barka, Kawu ya kira ya sa albarka, har wata 'yar uwa da rabon Auta da jin muryarta tun tana firamare ta kira ta ce dama ita ta san yarinyar nan mai hankali ce. Mama kuwa, wadda jiya jininta ya hau har sai da aka riƙe ta zuwa banɗaki, yau ga ta zaune a falo tana ba da umarnin a canja labule, don da yamma Likita zai zo da ƙanin mahaifinsa su gana da Baba kan maganar aurenta.

Mutum ɗaya ne bai ji ba, kuma shi ya kamata ya fara ji.

Auta ta fito daga ɗaki da mayafi a kafaɗa, idanunta a kumbure. Mama ta bi ta da kallo tun daga sama har ƙasa.

"Sai ina?"

"Zan je in faɗa masa."

"Ki kira shi a waya mana."

"Haba Mama. Duk shekarun nan, a waya?"

Mama ta dafa kujerar da ke gefenta. Auta ta zauna a bakin kujerar, ba ta jingina ba.

"Allah ya sani ba na ƙin yaron nan," in ji Mama. "Lokacin da yake da idonsa wa ya hana? Ni na fara ce wa Babanku ya bar shi ya riƙa zuwa. Amma aure ba dubiya ba ne da za ki je ki ce sannu ki dawo gida. Goyo za ki ɗauka, Auta. Goyon da ba ya girma, ba a yaye shi, ba a sauke shi. Ki goya miji, gobe ki goya 'ya'ya, da wane bayan?"

"Na ji, Mama. Ai na ce to."

"Kin ce to da baki. Ina so ki ce da zuciya."

Baba ya rage muryar rediyonsa ba tare da ya juyo ba.

"Ni ban yi miki dole ba, ki shaida. Ke ba yarinya ba ce, kina aikinki, kina koyar da 'ya'yan mutane. Likita ko waninsa, zaɓinki ne. Mai walda ne kawai na ce a'a, kuma in dai ina numfashi a'a ɗin tana nan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Halin Baba ke nan. Zai kulle ƙofofin gida duka ya bar guda, sannan ya ce kowa ya fita ta inda ransa ke so.

A cikin motar haya Auta ta yi ta jera kalmomin da za ta faɗa, suna zubewa tana sake jerawa. A gidansu "mai walda" ake ce masa, amma duk layin makarantar da take koyarwa Gwani suka sani, don babu ƙarfen da zai shiga shagonsa a karye ya fito a karye. A nan take kai kekenta gyara, daga gyaran birki aka zarce gyaran da ba na keke ba. Magana ta yi nisa, iyaye sun sani, sai bara batirin mota ya fashe masa a fuska. Daga ranar haske da inuwa kawai yake bambancewa.

Ita ta riƙa kai shi asibiti, ita ke bin layi, ita ke riƙe katin. A nan likitan idon ya gan ta. Abin baƙin cikin, Likita ba mugu ba ne. Mutum ne mai sanyin magana, mai gaida tsofaffi, wanda ya yi iya ƙoƙarinsa a kan idon Gwani kafin ya ce sai haƙuri. Da mugu ne da ta samu abin riƙewa ta yi faɗa.

Yayar Gwani ce ta buɗe mata ƙofa, hannunta duk kumfar wanki. A gidanta yake zaune tun da aka rufe shago. Ta dubi fuskar Auta sau ɗaya, murmushinta ya tsaya a rabi.

"Ƙanwata, lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya."

Yaya ta goge hannu a zani, ta matsa ta ba ta hanya, ta ce a hankali, "Yana baya. Tun asuba yake jiran ki."

Yana durƙushe a tsakar bayan gida da baƙin tabarau a fuska da tsumma a kafaɗa, gabansa wani dogon abu lulluɓe da tsohon bargo. Ba ta yi sallama ba tukuna ya ɗago.

"Malama. Takalmin nan naki na hagu har yanzu yana kuka, na ce ki kawo in buga masa ƙusa."

"Gwani, akwai maganar da..."

"Magana ba ta gudu, rana ce ke gudu. Janye bargon nan ki gani."

Ta janye. Sai da ta dafa bango.

Keke ne mai sirdi biyu, feda huɗu, taya biyu. Rabin gabansa shuɗi, rabin bayansa kore, don da gawar kekuna biyu ya haɗa shi. Ta san shi tun yana ƙarafa a jingine a lungun shago, lokacin da take tsokanar Gwani tana ce masa raƙumi yake ƙerawa, shi kuma yana cewa ta jira bayan aure ta ga yadda gari zai tsaya kallonsu. Ya gama waldar kafin tsautsayin. Sarƙa da birki da sirdi ne suka rage, ta ɗauka an daɗe da sayar da shi wa masu gwangwan.

"Wa ya ƙarasa maka?"

Ya ɗaga yatsunsa goma, duk baƙin mai da ƙananan yanka.

"Waɗannan. Yaya na miƙo sifana tana miƙo wadda ban ce ba." Ya shafa sirdin gaba. "Da nan ne wurina. Yanzu an yi juyin mulki, na sauke shi daidai tsayinki. Ke ce direba."

A nan ya kamata ta faɗa. Bakinta ya buɗe, amma ta ga yadda yake murmushi yana fuskantar ɗan gefe da inda take tsaye, sai maganar ta koma ciki. Ta ce a ranta bari ya samu wannan ɗin tukuna, ko da shi kaɗai ne.

Suka tura keken zuwa layin bayan gida inda motoci ba su cika bi ba. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta tattare doguwar rigarta bisa wandon da ke ciki. Gwani ya tsaya riƙe da mariƙin baya yana karanta mata doka kamar shi ne malamin.

"Abu biyu ne. Na farko, sarƙa ɗaya ta haɗa ƙafafunmu. In kin taka na ji, in kin sassauta na ji. Na biyu, duk abin da ke gabanmu ki faɗa kafin mu isa. Rami, ki ce rami. Kwana, ki ce kwana. Za ki tsaya, ki ce tsayawa. Ido na wurinki, ni amana kawai na kawo."

"In na manta fa?"

"Sai mu sha ƙasa tare."

Suka kuwa sha. Tashin farko ita ta taka da dama, shi da hagu, keken ya yi rawa ya kwanta da su a jikin katangar maƙwabta. Tashi na biyu suka yi 'yar tafiya, wata kaza ta gifta, Auta ta matse birki ba ta ce komai ba, goshin Gwani ya zo ya gaisa da bayanta.

"Direba, kaza ma sai an sanar."

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda rabonta da ita tun kafin asibiti. Tana dariyar hawaye na zuba, ta gode wa Allah da Gwani ba ya ganin ta, nan take kuma ta ji kunyar wannan godiyar har cikin ƙashinta.

A na uku abin ya zauna. Ya ce "mu je", ƙafafu huɗu suka sauka tare, doguwar dabbar ta miƙe ta kama hanya. Nauyin kan ya fi na kekenta, kwana sai ta buɗe sosai kamar mai jan babbar mota. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne fedar. Ko ta so hutawa, sai ta ji tana juyawa a ƙarƙashin tafin ƙafarta, wani na turawa daga baya.

"Kwana, dama."

"Na ji."

"Yashi."

"Riƙe kan da kyau, kar ki taɓa birki."

Masu shaguna suka fito bakin ƙofa. Wani mai gyaran takalmi ya bar allura a baki yana bin su da ido, mata biyu da ke jiran mota suka taɓa juna.

"Ana kallonmu ko?" in ji Gwani.

"Duk layin."

"Madalla. An ce makaho bai san ana kallonsa ba sai an taɓa sandarsa. Ni yau ba ni da sanda, su kalla su more."

Suka fita babban titi, suka wuce ɗakunan ajiyar kaya da gidan mai, iska na kaɗa gefen rigarta. Can gaba gadar da ta haye layin dogo ta taso. Ita ce ta raba unguwar su Auta da tasa, kuma tun da Auta take hawa keke ba ta taɓa haye ta a kan sirdi ba. Kullum a rabi take sauka ta tura.

"Hawa," ta ce. "Gadar nan ce. Mu sauka ko?"

"Zauna daram. Ke dai riƙe kai."

Sai ta ji shi. Ƙarfi ya taso daga baya ya bi sarƙa ya shigo ƙafafunta, keken ya ɗaga kai ya kama hawa kamar ana jan sa da igiya daga sama. Tana jin numfashinsa a bayanta, tana jin kowane taki nasa, ita kusan bin fedar kawai take yi. Suka wuce inda take sauka. Suka wuce wani saurayi da ke tura nasa keken yana haki. Kafin ta ankara ga su a ƙoli, rufin gidajen unguwar su Auta shimfiɗe a ƙasa.

Gwani na dariya yana haki.

"Kin ji ko? Kin ji da ƙafarki?"

"Na ji."

"To wannan ba goyo ba ne."

Ba ta taɓa faɗa masa kalmar nan ba.

"A ina ka ji?"

"A barandar asibiti, ranar da Mama ta zo dubiya. Ta ga an naɗe mini ido sai ta ɗauka har da kunne aka naɗe." Babu ɗaci a muryarsa. "Ban ji haushinta ba, uwa ce. A keken kowa na baya goyo ne, yana zaune ana jan sa. Shi ya sa na ce sai na ƙarasa wannan. Baki ba zai gamsar da su ba, amma in suka gan mu mun hau gadar nan mun sauko har ƙofar gida... Malama, tunda ga mu a hanya, mu ƙarasa mana. Yau Baba na gida ai."

Ƙafafunta suka mutu a kan feda.

Ta hango labulen da ake canjawa, da kujerun da aka jera, da motar Likita a ƙofar gida, da Gwani tsaye da baƙin tabarau yana murmushi yana fuskantar inda ba kowa. Ramin da ke farkon gangaren gadar ta gan shi sarai, baƙi, mai faɗin faranti. Ta karkata kan keken, amma bakinta ya ƙi buɗewa.

Tayar gaba ta tsallake, ta baya ta faɗa. Gwani ya yi sama ya dawo, tabaransa ya fice ya faɗi a kwalta. Da ƙyar ta kai su gefen titi ta sa ƙafa a ƙasa.

Ta sauka ta ɗauko tabaran, gilashi ɗaya ya tsage. Ya karɓa bai mayar ba. Ya tsaya riƙe da keken, idanunsa masu tabo a buɗe cikin rana, abin da ba ya yarda kowa ya gani.

"Ba ki ce rami ba."

"Ban gani ba."

"Kin gani. Kan ya karkata kafin mu faɗa. Tun daga gida ƙafarki ke yi mini magana. Ki taka, ki saki, ki taka, ki saki. Na ce ko tsoro ne. Da na ambaci gidanku kuma sai ta mutu gaba ɗaya. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu ido. Ni ƙafa na tambaya. Mene ne a gabanmu, Direba?"

Ta zauna a kan dakalin gadar, ta rufe fuska da mayafi. Kukan da take dannewa tun jiya ya ɓalle.

"Na ce musu to."

Motoci suka yi ta wucewa. Bai motsa ba.

"Yaushe?"

"Jiya. Jinin Mama ya hau, ta faɗi a kicin. Ta riƙe hannuna tana cewa in bar ta ta mutu da kwanciyar hankali. Gwani, ban san lokacin da ya fita daga bakina ba."

"Wane ne?"

Ta ƙara cusa fuska cikin mayafin.

"Faɗi mana. Rami ne, mun riga mun faɗa."

"Likita."

Ya yi wata 'yar dariya da ta fi kuka ciwo.

"Ashe ni na kai ki da ƙafata. Kina riƙe da hannuna, ina ce miki mutumin nan kirki gare shi." Ya juya tabaran a hannunsa. "Bai samo mini idona ba, amma nasa ya yi masa aiki."

"Kar ka ce haka."

"Na janye. Bai cuce ni ba, ya ga abin so ne ya so. Yau zai zo?"

"Da yamma. Shi da ƙanin mahaifinsa."

"Ni kuma ina cewa mu ƙarasa." Ya girgiza kai. "Da kin bar ni na je na yi wa baƙi sannu da zuwa."

Ta taso ta kama hannun rigarsa, ba ta damu da masu wucewa ba.

"Ka ce kar in yi. Wallahi in ka ce in koma in ce na fasa, zan koma. Ka faɗa kawai, ka ɗauke mini."

Ya lalubo hannunta ya ɗora a kan mariƙin baya.

"Juya shi."

Ta gwada. Ko motsi bai yi ba.

"A like yake, ni na like shi da hannuna. Na baya ba ya juya kan keke, Malama. Ƙarfi kawai gare shi. Inda kika nufa nan zan tura, ko da bango ne. Amma in na ce ki fasa, gobe Mama ta sake faɗuwa, wa za ki kalla? Ni za ki kalla. Ni kuma ba zan ga irin kallon ba, sai dai in ji shi a ƙafarki har ƙarshen rayuwata."

"Ina son ka. Allah ya sani ban taɓa son wani ba, kuma ba na son Likita."

"Na sani. Ba shi na tambaya ba." Ya sassauta murya. "Mama ta sha faɗuwa a shekarar nan, ba ki ce to ba. Me ya sa jiya?"

Ta so ta ce gajiya ce, kuma gaskiya ne, ta gaji. Ta gaji da zama tsakanin gaba kura baya siyaki, ta gaji da shirun Baba a wurin cin abinci. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashin wannan, wadda ko ita ba ta taɓa ɗaga ta ta duba ba. Ga mutum tsaye ya ba ta amanar idonsa, ba za ta sake ɓoye masa rami ba.

"Na ji tsoro," ta ce. "Kullum Mama na cewa goyo, goyo, ina musu. Rannan da na zo na tarar kana laluben kofi a kan tebur, ga shi a gabanka, ka kasa samu... sai na ji maganarta ta shige ni. Na ce anya zan iya? Na tsani kaina, Gwani, amma na ji."

Wannan ce ta same shi. Ta ga yadda haɓarsa ta motsa, ta ga ruwa ya taru a idanun da aka ce sun mutu. Maganar Mama ya ɗauke ta wata da watanni yana ɗaura sarƙa a kanta. Tata kuwa a take ta durƙusar da shi, sai da ya jingina da keken.

Ya daɗe kafin ya mayar da tsagaggen tabaran fuskarsa.

"Na gode da kika faɗa," ya ce. "Juya mu. Kar baƙi su riga ki."

Komawar gangara ce, ba a bukatar ƙarfin kowa. Auta ta riƙa faɗin komai, har abin da bai kai a faɗa ba. Rami. Kwana, hagu. Yashi. Mai kurar ruwa a dama. Dutse. Tana faɗa tana kuka, shi kuma daga baya babu "na ji" ko ɗaya. Ƙafarsa dai na nan a kan feda, tana bin tata, ba ta turawa ba ta hanawa.

"Tsayawa," ta ce a ƙofar gidan Yaya.

Ya sauka. Yaya na tsaye a bakin ƙofa kamar tun tafiyarsu ba ta gusa ba. Ta dubi tabaran, ta dubi Auta, ta miƙa hannu za ta kama ƙaninta. Ya janye hannunsa a hankali, ya lalubi bango da kansa.

"Ina zan ajiye shi?" in ji Auta.

"Tafi da shi."

"Gwani..."

"Sirdin gaba tsayinki na auna. Yaya ba ta iya keke ba, ni kuma ba zan sake zama a bayan wani ba." Ya dafa ƙyauren, bai juyo ba. "Ki riƙa sa wa sarƙar mai, doguwa ce, tana saurin bushewa. Allah ya ba Mama lafiya. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari."

Ya shige. Yaya ta tsaya da hawaye a fuska, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai kawai ta ce, "Ki gaida gida, ƙanwata," ta tura ƙofar.

Babu motar hayar da za ta ɗauki raƙumin keke irin wannan. Auta ta hau ita kaɗai.

Masu shagunan da suka fito ɗazu suka sake fitowa, wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ta waiga sau ɗaya ta ga fedar baya na juyawa ita kaɗai, sama da ƙasa, babu ƙafa a kai. Ba ta ƙara waigawa ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da gadar ta taso a gabanta. Ba ta san bakinta zai yi ba, sai ji ta yi ta ce, "Hawa."

Ta jira. Babu abin da ya zo ta cikin sarƙar.

Ta taka da iya ƙarfinta, ta miƙe tsaye a kan feda, cinyoyinta na zafi. Keken ya yi ta jan ta baya kamar an ɗaura masa buhun siminti. Ko inda ta saba sauka da nata keken ba ta kai ba, kan ya fara rawa, dole ta diro. Ta tsaya tana haki, ta dubi sirdin bayan, ta dubi sauran hawan da ke gabanta. Ɗazu a nan wurin ko gumi ba ta yi ba. Ashe a kan gadar nan ita aka goya.

Tana turawa tana share fuska da gefen mayafi ta ji mota ta rage gudu a gefenta. Farar mota ce, ta san ta. A kujerar gaba wani dattijo ne da sabuwar hula. Likita ya fito da sauri ya zagayo, fuskarsa cike da damuwa ta gaskiya.

"Malama, lafiya? Gidanku muka nufa. Me ya fito da ke da wannan?"

Sai idonsa ya sauka a kan sirdi na biyu, da mariƙin da aka like. Ya san hannun wanda ya yi aikin, ta ga ya sani. Ya buɗe mata ƙofar baya.

"Shigo mu ƙarasa. A jingine shi a nan, zan sa a zo a ɗauka. Ai ya yi miki nauyi."

Dattijon ya leƙo yana murmushi, yana jiran ta gaishe shi. Motocin baya suka fara danna ham. Auta ta dubi ƙofar da ke buɗe, ta dubi gangaren da ta baro, hannayenta biyu na kan keken, ta kasa sakin ko ɗaya.

"Ɗazu da yake kai," ta ce, "ba shi da nauyi."